Justeza: kalmar Fotugis da ta haɗa adalci da daidaiton awo

Me ake nufi da justeza?

A harshen Fotugis, wanda ake yi a Fotugal, Brazil, Angola da Mozambik, justeza na nufin abu ya faɗa daidai inda ya kamata. Ana faɗarta game da hukuncin da aka yanke bisa gaskiya, da ma'aunin da bai ƙara ba bai rage ba, da maganar da ta dace da abin da ake nufi.

Daga ina ta samo asali?

Daga Latin, harshen Rumawa, waɗanda suka shiga yankin Iberiya, inda Fotugal da Sifaniya suke a yau, a shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa. Saiwar ita ce ius, wato doka ko haƙƙi. Daga nan aka sami iustus, mai bin haƙƙi, wanda ya koma justo a bakin Fotugis. Ɗafin -eza kuma ya fito ne daga -itia na Latin, aikinsa mayar da siffa suna: triste mai baƙin ciki ne, tristeza baƙin cikin kansa, duro mai tauri, dureza taurin.

To ai akwai justiça. Ba abu ɗaya ba ne?

'Yan gida ɗaya ne, amma kowace da aikinta. Justiça, daga iustitia, ita ce ta kotu da alƙalai, ita ce a sunan ma'aikatar shari'a, Ministério da Justiça. Justeza kuwa halin abu ce: dacewar hujja, ingancin sikeli. Faransanci ma haka ya raba, justice da justesse.

Yaya aka yi adalci ya zama awo?

Nan ne abin ya fi burge ni. Ulpian, masanin shari'ar Rumawa na ƙarni na 3, ya fassara adalci da ba kowa haƙƙinsa. Wanda zai ba mutum haƙƙinsa sai ya auna, shi ya sa ake zana Justitia, gunkiyar adalci ta Rumawa, riƙe da sikeli. A hankali justo ya zama duk abin da ya cika ma'auni cif. Har tela a Lisbon zai kira rigar da ta kama jiki justa, idan kuma ta yi ruwa sai ya yi mata ajustar, ya daidaita ta. Mai awon da ya tauye mudu ya rasa justeza ta fuska biyu: awonsa bai cika ba, kuma ya ci haƙƙin mai saye.