Baje koli ya tashi, takardu sun bi mai shi

Muhawarar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: idan cibiyar zane-zanen zamani ta buɗe ma'adanarta ta sake tayar da baje kolin da aka yi shekara da shekaru, tarihi take nuna wa jama'a ko kwaikwayo? Masu sukar abin suna magana kamar jiya aka fara shi.

An san cewa a 2014 Cibiyar Pompidou ta Paris ta waiwayi baje kolinta na 1989, Magiciens de la Terre, da hotuna da takardu. A 2016 kuma MoMA, cibiyar zane-zanen zamani ta New York, ta zuba tarihin nune-nunenta tun daga 1929 a intanet. A ganina, tushen maganar ya girmi duka biyun.

Sai mu koma birnin Bern na Suwizalan a 1969, ga cibiyar baje kolin zane-zane mai suna Kunsthalle. Cibiyoyi irin Kunsthalle galibi ba sa tara kayan kansu. Aro ake yi, a nuna, a mayar. A shekarar shugaban cibiyar, Harald Szeemann, ya shirya baje kolin When Attitudes Become Form a Kunsthalle. Daga cikin masu fasahar da suka nuna aikinsu, Richard Serra ya watsa narkakkiyar dalma a gindin bango. Lawrence Weiner ya kankare yaɓen bango murabba'i guda. Michael Heizer ya farfasa daɓen bakin titi da wani ƙaton dunƙulen ƙarfe. To, me za a naɗe a kai sito? Abin da ya saura dai hotuna ne, da wasiƙu, da zanen ɗakuna.

Ga abin da ba a cika lura da shi ba. A wannan shekarar Szeemann ya bar cibiyar ya koma cin gashin kansa, yau yana nan gobe yana can, takardun aikinsa suna biye da shi. Ya tara su a wata tsohuwar masana'anta a ƙauyen Maggia. Ya rasu a 2005, Cibiyar Bincike ta Getty da ke Los Angeles ta saye su a 2011. Masu wannan sana'a ta shirya baje koli da dama sun bi sawunsa, har ya zama tarihin ɗaki ɗaya yana warwatse a akwatunan mutane daban-daban.

Da aka tashi sake gina baje kolin na Bern a Venice a 2013, waɗannan takardu aka tona. An kwaikwayi bangon, an kwaikwayi daɓen. Ayyukan da ba a samu ba kuwa, layi aka shata a gurbinsu aka bar wurin fayau.