Addu'a a gefen gadon mai ciwo mai tsanani: tambayoyi da amsoshi

Wai likitoci sun yarda addini na da amfani a jinya?

Sun yarda mana. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buƙatun ruhi cikin abubuwan da ake duba wa mai ciwo mai tsanani, tare da raɗaɗin jiki da damuwar zuciya. Mutumin da ke kwance da robar oksijin a hanci ba ciwon kaɗai ke cinsa ba, akwai tsoron mutuwa, akwai tunanin bashi da 'ya'ya da sallolin da suka wuce shi, allura kuwa ba ta maganin wannan.

To ya zai yi sallah yana kwance?

Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya gama magana: a tsaye, in ba ka iya a zaune, in ba ka iya a kan gefenka. In ruwa zai cutar da shi sai taimama. Mai jinya ya dinga gaya masa lokaci ya yi, don a ɗakin kulawa ta musamman fitila ba ta mutuwa, sai ka ga mutum bai san azahar ba bai san isha ba.

Za a iya ba shi rubutu ko zamzam?

Nan fa ake samun matsala. Wanda ke cikin doguwar suma ba ya iya haɗiya, in aka ɗura masa ruwa a ɓoye bayan nas ta fita, huhu yake tafiya, ya ƙware, ko ciwon huhu ya biyo baya, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ake yi. A yi masa addu'a, a shafa masa zamzam ɗin a goshi, a sa masa karatu ƙasa-ƙasa kusa da kunne. Abin sha dai sai an tambayi likita.

Cire na'urar numfashi kisan kai ne?

A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta ce ya halatta a cire in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Iyali su zauna da likita da malaminsu, kar a bar wa mutum ɗaya nauyin.

In an ga alamar tafiya fa?

A laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba a ta matsa masa "faɗi, faɗi" ba. In Kirista ne a kira fasto ko fada da wuri. Masu kuka su ɗan fita waje, don ana kyautata zaton yana iya ji.