Wai yaya ake muhawara kan doka a majalisar Gana ne? Ga amsar tambayoyin 'yan bes

Ran nan muna zaune a bes ɗinmu na Aboabo ana shan ataya, talabijin ɗin shagon aski na nuna zaman majalisa kai tsaye daga Ankara, sai gardama ta kaure, wani ya ce 'yan majalisa ihu kawai suke yi su karɓi albashi, wani ya ce ai tun a gida ake gama komai. Ni da na daɗe ina bin zaman nan kamar yadda wasu ke bin ƙwallo sai aka juyo kaina da tambayoyi. Na ce bari in rubuta su yadda aka yi mini su, in ya so kowa ya karanta a natse.

Wa ke cewa yau ga dokar da za a tattauna? Sifika ne, wato kakakin majalisa?

Yawancin mutane haka suke zato amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai kwamitin tsara ayyukan majalisa, wanda suke cewa Bizines Kwamiti, kuma shugaban masu rinjaye ne ke shugabantarsa, shugaban marasa rinjaye da masu bulalar ɓangarorin biyu, wato masu kula da tarbiyyar 'yan jam'iyyarsu a majalisa, duk suna ciki. Su ke zama su jera aikin mako mai zuwa, ran Juma'a shugaban masu rinjaye ya tashi ya karanta wa majalisa, wane minista zai zo amsa tambaya ran Talata, wane ƙudiri za a karanta ran Laraba, haka dai. Majalisa yawanci daga Talata zuwa Juma'a take zama. Sannan kowace rana akwai takardar da ake rabawa mai suna oda fefa, abin da ba ya cikinta da wuya a taɓa shi sai dai in an fito da ƙari.

To a nan fa ƙarfin yake, don ƙudirin da ba a sa a jadawali ba ko ya fi zinariya kyau yana nan kwance. Dokar ba jama'a damar neman bayanai daga gwamnati tun wajen 1999 aka fara rubuta ta, ta shiga majalisa a 2010, amma sai Maris 2019 aka zartar. Babu wanda ya tashi ya ce ba ya so, kullum dai ana cewa "mako mai zuwa" ne.

Kafin a fara muhawarar me ke faruwa?

Kundin tsarin mulkin 1992, sashi na 106, ya ce ƙudiri ba ya shiga majalisa sai da takardar bayani tare da shi, wadda za ta faɗi me ake son gyarawa da aibin dokar da ke akwai, kuma sai an buga shi a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, aƙalla kwana 14 kafin a kawo shi. Ranar da aka kawo akawun majalisa ya karanta sunansa kawai, shi ke nan an yi karatu na ɗaya, ba muhawara ba komai, minti biyu ma ya yi yawa. Sifika ya miƙa wa kwamitin da abin ya shafa. A kwamiti ne ake kiran minista da ma'aikatansa, ana karɓar takardun ƙungiyoyi da na mutane irina da irinka, a rubuto rahoto. Ƙudirin da shugaban ƙasa ya aiko bai kamata ya wuce wata uku a kwamiti ba, haka kundin ya ce.

Amma Malam, wata dokar da safe a kawo ta da dare an gama, ina kwana 14 ɗin?

Ka gani da kyau. Wannan ita ce ƙofar gaggawa. Idan kwamitin da ya dace ya ce ƙudirin na gaggawa ne, to sharaɗin gazet ya faɗi, ana iya yin karatu ukun duka a rana guda. Dokokin haraji da ke biyo bayan bajet sun fi bin wannan hanya, musamman daf da tafiya hutun Disamba, za ka ga suna zaune har tsakar dare idanu sun yi ja. Abin dariyar kuwa, duk jam'iyyar da ke minoriti sai ta yi ta kuka wai ana yi wa doka gudun fanfalaki, ranar da ta koma majoriti ita ma ta bi ta ƙofar nan ba ko kunya. NDC da NPP duk sun yi. Ni a ganina gaggawa tana da wurinta, amma in ta zama ɗabi'a to kwamiti ya zama ado.

To muhawarar da muke gani a talabijin fa, wane mataki ne?

Mafi yawa karatu na biyu ne. Minista ya tashi ya gabatar, shugaban kwamiti ya karanta rahoto, sai a buɗe fili. A nan ba a taɓa sashi-sashi, magana ake kan ruhin dokar, tana da amfani ko ba ta da shi. Sifika na ɗauko ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, gwamnati na hannun damansa 'yan adawa na hagu. Ba ka magana sai ya kira ka, kuma da shi kake magana ba da abokin hamayyarka ba, shi ya sa kowace jimla sai ka ji "Mista Sifika". Sau ɗaya kake magana a kan batu. In babbar muhawara ce kamar ta bajet masu bulala ne ke miƙa sunayen waɗanda za su yi magana a raba musu mintoci, shugabannin biyu su rufe, kuma su ake ba lokaci mafi tsawo. Shi ya sa wani onarabul ɗin zai yi shekara ba ka ji muryarsa a babbar muhawara ba, ba lallai lalaci ba ne, wani lokacin sunansa ne bai shiga takardar ba. Wani lokacin kuma lalacin ne, kar mu yaudari kanmu.

Wanda ka ga ya miƙe tsaye alhali wani na magana, yana neman ya ce an karya ƙa'ida ne. In sifika bai kalle shi ba haka zai gaji ya zauna. In kuma wani ya yi ɓaranɓarama za a ce ya janye kalmar. Amma abin da ɗan majalisa ya faɗa a zauren ba a kai shi kotu a kai, kundin ya ba shi wannan kariya.

Baba Alhaji ya ce ya ga sandar majalisa ta karkace kamar za ta faɗi, lafiya?

Wallahi wannan tambayar ta fi kowace daɗi. Muna kallo tsohon ya nuna talabijin da carbinsa ya ce "yaro, sandar nan ba wanda zai gyara mata tsayuwa?" Na ce Baba ai da gangan ne. Sandar majalisa a tsaye take ƙyam gaban teburi duk lokacin zama, amma in aka zo matakin duba ƙudiri sashi-sashi sai a karkata ta wajen kujerar sifika, alamar an sassauta ƙa'ida, yanzu mutum na iya tashi sau biyu sau uku a kan magana ɗaya.

Kuma a nan ne ake yin doka ta gaskiya. Ana ɗauko sashi na ɗaya, wani ya ce a cire wannan kalmar a sa waccan, a tambayi majalisa, a wuce na biyu. Ko tarar da za a ci mutum sidi nawa ce, ko wa aka keɓe daga haraji, ko "dole ne minista ya yi" za a rubuta ko "minista na iya yi", duk a nan ake yankewa, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tafiyar Kumasi zuwa Bawku. In gyare-gyaren suka yi yawa har suna cin karo da juna sai a tura su wani ƙaramin zama a waje a sheƙe su kamar yadda mata ke sheƙe hatsi, a dawo da masu nauyi. Amma ka duba kujerun a irin wannan lokaci, rabi babu kowa, sai 'yan tsirarun da suka iya aikin, irin su Osei Kyei-Mensah-Bonsu na Suame da Haruna Iddrisu a zamaninsu, mutum biyun nan za su yi awa suna ja-in-ja kan waƙafi ɗaya. Mu ma a bes lokacin ne ake cewa a canza tasha. E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, da aka fara kawowa a kashi 1.75 ta fita a 1.5, kowa da ke tura momo ya ji bambancin a aljihunsa.

Bayan nan karatu na uku gajere ne, a tambaya a zartar.

Mutum nawa ake buƙata kafin a ce an yi zama?

Lamba biyu ce kuma mutane na haɗa su. Don a zauna a yi magana kashi ɗaya cikin uku ya isa, sashi na 102. Amma don a yanke hukunci sai rabin dukkan 'yan majalisa na cikin zauren, sashi na 104. Yanzu kujeru 276 ne, ka ga 92 ke nan da 138.

Wannan lissafin ne ya kusa rusa majalisa ta takwas, lokacin da NPP ke da 137, NDC 137, ga ɗan indifenda ɗaya na Fomena da ya jingina da NPP. Ran 26 ga Nuwamba 2021 masu rinjaye suka fice, 'yan adawa su 137 suka yi watsi da bajet ɗin 2022. Ran 30 ga wata masu rinjaye suka dawo suka ce 137 bai kai rabin 275 ba don haka abin da aka yi banza ne, mataimakin sifika na ɗaya Joseph Osei-Owusu da ke kan kujera ya ƙirga har da kansa suka cika 138 suka amince da bajet. Ran 20 ga Disamba kuma da ya nemi ya bar kujera ya je ya jefa ƙuri'a kan gaggawar E-levy, kowa ya ga abin da ya faru, manya da manyan riguna ana ba hamata iska a gaban kyamara. Sai a Maris 2022 Kotun Ƙoli ta ce mataimakin sifika ko yana kan kujera yana da ƙuri'arsa kuma ana ƙirga shi. Ran 29 ga Maris aka zartar da E-levy bayan 'yan adawa sun fice. A 2025 sabuwar majalisa ta soke ta ba tare da ko gumi ba, don wannan karon lambar ta yi wa ɓangare ɗaya yawa.

Shi sifika ba ya jefa ƙuri'a?

A'a. Sifika Alban Bagbin ba ɗan majalisa ba ne yanzu, ba shi da mazaɓa, ba shi da ƙuri'a ko da an yi kunnen doki. In aka yi kunnen doki batun ya faɗi ke nan.

Wannan ihun "ay" da "no" ɗin shi ne ƙuri'ar? Ai mai babbar murya ya ci.

Haka ake farawa, sifika ya saurara ya ce a jinsa masu "ay" sun fi. Amma in wani bai yarda ba yana da damar tashi ya ƙalubalanta, sai a ƙirga kawuna, kowa ya miƙe a lissafa shi, ko a yi rarrabuwa a rubuta sunan kowa da inda ya tsaya. Matsalar da ni nake gani, tunda yawancin dokoki da murya ake wuce su, ba za ka iya zuwa ka ce wa onarabul ɗinka ga yadda ka jefa ƙuri'a a kan kaza ba. Abin da ya faɗa da baki dai yana cikin Hansad, littafin da ake rubuta duk maganar zauren.

Ɗan majalisarmu zai iya kawo doka da kansa, ko sai gwamnati?

Zai iya, amma akwai tarko a sashi na 108: duk ƙudirin da zai sa haraji ko ya ɗora wa baitulmali nauyi sai ta hannun shugaban ƙasa. Shekara da shekaru wannan ya sa kusan duk doka daga gwamnati take fitowa, sai wajen 2020 aka fara buɗe ƙofar. Francis-Xavier Sosu na Madina ya kawo na hana zargin mutane da maita, majalisa ta zartar a 2023, shugaba Akufo-Addo ya ƙi sa hannu ya kafa hujja da wannan sashin. Dokokin da suka taɓa mu kai tsaye kuwa ta hannun gwamnati suka zo, asusun raya zango na 2017, da ƙarin ranar hutu bayan ƙaramar sallah a 2025 lokacin Muntaka namu na Asawase na ministan cikin gida.

In majalisa ta gama shi ke nan ta zama doka?

Saura sa hannu. Shugaban ƙasa na da kwana 7 ya ce ya yarda ko bai yarda ba, sai dai in ya tura wa majalisar magabata ta ƙasa don shawara. In ya ƙi, cikin kwana 14 ya rubuto dalilansa. Majalisa na iya sake zartarwa da kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi, 184 a lissafin yanzu, daga nan dole ya sa hannu cikin kwana 30. Ƙudirin da bai kammala ba har majalisa ta cika shekara huɗunta aka rushe ta, ya mutu, sai a sake daga farko.

Ta ƙarshe daga mai shayi: za a iya yin muhawarar da Hausa?

Dariya aka yi masa amma yana da gaskiya. Turanci ne harshen aikin majalisa, sai dai tsohuwar ƙa'idar majalisar ta ambaci Hausa da sunanta, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani da Dagaare, cewa ɗan majalisa na iya magana da su in akwai hanyar fassarawa. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a 2024 ma ta bar ƙofar harsunan gida a buɗe. Mai shayi ya ce to shi in an tashi neman tafinta a tuna da shi, ya iya Hausa ya iya Tuwi, Turancin ne kawai sai a hankali, ya juya ya ci gaba da fifita gawayinsa.