Babban Taron Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya

Babban Taron Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, wadda aka fi sani da IAU, zama ne da ake yi duk bayan shekara uku domin masu binciken sararin samaniya su gabatar da sakamakon aikinsu, su kuma daidaita kan sunaye da ma'aunan da kowa zai riƙa amfani da su. An kafa ƙungiyar a Brussels a 1919, sakatariyarta tana Paris. Taron farko a birnin Rum aka yi shi a 1922. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shi daga 1938 har 1948, annobar korona kuma ta sa aka ɗage na Busan daga 2021 zuwa 2022.

Taron yakan ɗauki kusan mako biyu. Mai son gabatar da bincike yakan tura taƙaitaccen bayanin maƙalarsa watanni kafin a hallara, kwamiti ya tace, a ba wasu 'yan mintuna su yi jawabi, sauran su baje nasu a fosta. Ƙuri'a iri biyu ce: kasafin kuɗi wakilan ƙasashe ne ke kaɗa masa, batun kimiyya kuwa na ɗaiɗaikun mambobi ne.

Nauyin taron yana cikin ƙudurorinsa. A 1922 aka tsayar da rukunin taurari 88 da ake raba sama da su har yau. A Beijing, a 2012, aka ƙayyade ma'aunin da ya samo asali daga nisan Duniya da Rana a kan mita 149,597,870,700 daidai.

Ƙudurin da ya fi tada ƙura shi ne na Prague, ranar 24 ga Agusta 2006. Gano Eris a 2005, wata dunƙulalliyar halitta mai kewaya Rana wadda girmanta ya yi kusa da na Pluto, da a lokacin ake lissafa ta a matsayin duniya ta tara, ya tilasta a fayyace abin da za a kira duniya (planet) cikin abubuwan da ke kewaya Rana. Aka gindaya sharaɗi uku: ta riƙa kewaya Rana, nauyinta ya kai ya dunƙule ta, sannan ta share hanyar da take bi daga sauran tarkace. Pluto ta kasa cika na ukun, aka mayar da ita sahun ƙananan duniyoyi. Ko da an yarda da hukuncin, yadda aka yanke shi yana da rauni: a zaman rufe taro aka kaɗa ƙuri'ar, bayan jama'a da dama sun tafi, mutum ɗari huɗu da 'yan kai ne kawai suka yi zaɓen. Da batun ƙara sunan masanin taurari Georges Lemaître a dokar Hubble, mai bayanin faɗaɗar sararin samaniya, ya taso a Vienna a 2018, ta intanet aka nemi ra'ayin dukan mambobi bayan an watse.

Halarta ma ba ta da sauƙi ga kowa. Kuɗin jirgi, masauki, rajista da jinkirin biza sukan hana masu bincike daga ƙasashe marasa ƙarfi zuwa, tallafin tafiya da ƙungiyar ke bayarwa kuma bai isa kowa ba. Sai a watan Agustan 2024 aka yi taron a Afirka karon farko, a Cape Town, inda ofishin ƙungiyar mai amfani da ilimin taurari wajen raya ƙasa yake. Reshen ofishin na Afirka ta Yamma yana Nsukka a Najeriya. Taro na gaba a Rum za a yi shi a 2027.