Ɗan Ƙwallon Rukuni na Uku a Ingila Lokacin Yaƙin Hitila: Tambayoyin da Kuka Dame Ni da Su

Me ya sa tarihin ɗan wasan da nake bincike a kansa ya tsaya a 1939, bai ci gaba ba sai 1946?

Yaƙi. Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus ranar 3 ga Satumba 1939, an buga wasa uku kacal a kakar, aka dakatar da lig. Ba a dawo ba sai ƙarshen Agusta 1946. Kaka bakwai ke nan. Na faɗi wannan ya fi a ƙirga.

Ke nan bai iya ba ne, tunda wasanninsa ba su kai hamsin ba?

Haba malam, ka yi lissafi mana. Yaro ya sa hannu a kwantiragi yana da shekara 21, ya dawo yana da 28, wataƙila da rauni a ƙafa, ga matasa sun taso a bayansa. Shekarun da ƙafa ke kan ganiyarta duk sun tafi a bariki ko ramin kwal ko masana'antar makamai. Yana min ciwo in ji ana yi wa irin waɗannan mutane hukunci da lambobin da ke cikin littafi.

Mene ne Rukuni na Uku?

Mataki na ƙasa a lig ɗin lokacin. Kashi biyu ne, Arewa da Kudu, daga 1921 zuwa 1958.

An daina ƙwallo gaba ɗaya?

Ba a daina ba. An koma gasar yanki-yanki, da farko ma an hana tafiyar da ta wuce mil 50. An soke kwantiragi, amma kulob ya riƙe rajistar ɗan wasansa. Wanda a da zai iya samun har fam 8 a mako, in ya yi sa'a, ya koma karɓar sule 30, wato fam ɗaya da rabi, a kowane wasa.

Ta yaya zan gano ainihin yawan wasannin da ya buga?

To, nan ne aikin yake, kuma ka kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai abin ya rikita ba. Wasa ukun nan na 1939 an soke su, amma wasu masu tattara tarihi suna sa su a gefe, shi ya sa za ka ga littafi biyu sun saɓa da wasa ɗaya ko biyu. Wasannin yaƙi ba sa shiga ƙididdigar hukuma ko kaɗan. Sai dai Kofin FA na kakar 1945-46, wanda Derby County ta ci, shi ana ƙirga shi, don haka ka duba can tukuna.

Matsala ta biyu ita ce tsarin aro. Soja yana buga wa kulob ɗin da ke kusa da inda aka tura shi, mutum ɗaya na iya sa rigar ƙungiyoyi da dama a kaka guda. In ka bi kulob ɗinsa na asali kawai, za ka rasa rabin labarin. Kada kuma ka amince da takardar jerin 'yan wasa da ake sayarwa a ƙofar fili. Ana buga ta kafin a san wanda zai samu izinin fita daga bariki, sau da yawa ma "A. N. Other" za ka gani a gurbin suna, wato wani dai. Akwai kuma sojojin da suka buga da sunan ƙarya don kada shugabansu ya gane sun sulale. Ni shawarata ita ce rahoton jaridar garin bayan wasa, ko da yake ita ma ta rame saboda ƙarancin takarda, wani lokaci sakamako kawai za ka tarar. In ka samu shaidu biyu sun yi daidai, ka rubuta. In ɗaya ce, ka ce "akalla". Kada ka cike gurbi da zato, don Allah.

Ƙananan ƙungiyoyi sun amfana da aron?

Wasu. Aldershot tana Rukuni na Uku na Kudu, amma da yake garin sojoji ne sai ga manyan taurarin Ingila irin su Tommy Lawton, Joe Mercer, Stan Cullis da Cliff Britton a filinta. 'Yan kallo sun more. Ni dai ɗan gidan nake tunawa, wanda aka ce masa yau ba gurbi, ga shi a lokacin babu canjin ɗan wasa, sai ya tsaya cikin jama'a yana kallo.

Wasu kuma ko sha ɗaya ba sa iya haɗawa. Ranar Kirsimeti ta 1940 Brighton ta isa Norwich da mutum biyar. Aka cike da yaran Norwich da sojoji daga cikin 'yan kallo, aka zura wa Brighton 18 ba ko ɗaya.

Duk sun je fagen fama?

A'a. Da yawa an mai da su masu horar da sojoji motsa jiki. Wasu sun je ba su dawo ba, kamar Harry Goslin, kyaftin ɗin Bolton, da aka kashe a Italiya a Disamba 1943. In sunan wanda kake nema ya ɓace bayan 1945, ka fara duba jerin matattun yaƙi kafin ka ce ya bar ƙwallo ne.