Idan likita ya ce cutar kansa ta yi nisa: tambayoyin masu jinya

Likita ya ce ciwon ya bazu, ba zai warke ba. Ke nan sai mu koma gida?

Rashin warkewa daban, rashin taimako daban. Akwai fanni guda a likitanci da aikinsa ke nan: rage raɗaɗi, amai, haki, rashin barci da fargaba. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ce ta kafa tubalinsa da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Kuma ba sai ajali ya ƙarato ake farawa ba. A wani bincike da aka yi a Boston, aka wallafa a 2010, an bi masu kansar huhu 151. Waɗanda aka fara wa wannan kulawa da wuri sun fi samun natsuwa, har ma sun ɗan fi daɗewa a raye.

An rubuta wa marar lafiyarmu mofin, maganin rage ciwo mai ƙarfi. Ba zai zama ɗan ƙwaya ba?

Tsoron ba a banza yake ba, mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu, har sai da gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma mai shan mofin saboda ciwo, a ma'aunin da likita ya tsara, da wuya ya faɗa jaraba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau gaba, har a kai ga mofin. A sha ta baki, kuma a kan lokaci. Mofin na ruwa galibi duk awa 4 ne. Babban kuskuren masu jinya shi ne jira sai marar lafiya ya fara murƙususu, sannan a ɗauko kwalba. Ciwon da ya riga ya tashi ya fi wuyar kwantarwa.

Gyangyaɗi da tashin zuciya kan wuce cikin 'yan kwanaki. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don haka a nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko.

Mofin na gaggauta mutuwa ne?

In an bi ma'auni ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, a'a. Sau da yawa an makara ne wajen bayarwa, sai rasuwar ta biyo baya, a ɗora wa magani laifin cuta.

Ya daina cin abinci. Mu matsa masa?

Kada a yi masa ɗura. Cutar ce ta kashe sha'awar abincin, kuma tilas na iya sa ya ƙware. Cokali biyu na kunu ko fura, in ya so, ya wadatar. A riƙa jiƙa masa leɓe, ana goge bakin.

Haki da warin gyambo fa?

A jingina shi da matashi, a buɗe taga, a sa fanka ko maficci yana kaɗa masa iska a fuska. Gyambo mai wari kuwa, ma'aikatan jinya kan daka ƙwayar Flagyl su barbaɗa bayan an wanke, warin ya ragu cikin kwanaki kaɗan. A tambaye su kafin a gwada. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi kamar duk awa 2, don kada bayansa ya saɓule.