Ba Kowane Ƙarfe Maganaɗisu Ke Ja Ba

An daɗe ana cewa mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, yana jan duk abin da ake kira ƙarfe. Ba laifin kowa ba ne, sunan ne ya jawo hakan.

Gaskiya ƙarafan da yake kamawa kaɗan ne, kamar baƙin ƙarfe, nikel da kobal. Zinare, azurfa, jan ƙarfe da alminiyam kuwa ba ya kama su.

Ku gwada da kanku. Ku kusantar da shi ga ƙusa, nan take za ta manne. Ku kai shi kan jan ƙarfen cikin wayar lantarki, ko motsi ba zai yi ba. Shi ya sa rashin mannewa ba ya tabbatar da zobe na zinare ne, domin tagulla ma ba ta mannewa.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.